Zanen da Aka Auna a Jikina

Kirrr, sai ya tsaya. Kirrr, sai ya tsaya. Ƙarar mazarin kakata ke nan a kan 'yar sakainar da take kafa shi, kuma har yau in na rufe ido ina jin ta. A gidanmu na Kankiya ba a kiran yara zuwa tatsuniya. Da an idar da sallar isha'i an kwashe kwanonin tuwo, sai mu kasa kunne wajen ɗakin Kaka. In mazari ya yi kuka, fage ya buɗe, kowa sai ya saki abin da ke hannunsa.

Zamanin Turawa ne. Mu yara abin da muka sani game da su bai wuce motar da ke wucewa bisa hanyar Kano zuwa Katsina ba, sai kuwa masu allurar lamba, waɗanda in an ce sun iso muke ɓuya bayan rumbu. Duniyarmu ta gaskiya ita ce ɗakin nan mai ƙanshin hayaƙi da man shanu. Kaka ba ta rabuwa da wuta. Da sanyi don ƙafafunta, da damina don sauro da laimar ƙasa. Takan zauna a bakin gadonta, taskirar auduga a gefe, ta dangwali alli da yatsu, ta murza mazari, sannan ta dube mu ɗaya bayan ɗaya.

Tana da irin tata hanyar buɗe labari. Sai ta ce, "Na ɗauko wata tun daga bayan gari, ta yi mani nauyi. Ina zan aje ta?"

Mu kuma mu ce, "Aje ta nan!"

Ni ce ke fara amsawa, wannan ba a gardama a kai. Ni kaɗai ce mace a jikokin gidan, sunan mahaifiyar Kaka aka sa mini, shi ya sa ake kirana Uwani. Wurina yana damanta, daidai gwiwarta, inda ɗumin wuta ke isowa ba tare da hayaƙi ba. Ni ke riƙe mata alli. Ni ke tsince 'yan ƙwayoyin da suka maƙale a auduga. A ganina an halicci wannan gwiwar ne don kaina.

Kaka na cikin wasu mata da unguwa ke kira matan Alhamis. Kowace Alhamis bayan la'asar sukan haɗu a gidan wata tsohuwar malama, su gyara karatun sallarsu, su yi salati, a tuna musu hukuncin tsarki da haƙƙin maƙwabci. Akwai matan manoma, akwai matar mahauci, akwai wata Bafulatana mai tallar nono da ke shigowa daga ruga da ƙwaryarta. Ba su da shugaba in ban da malamar, ba su da asusu. Abin da suke da shi zare ne. Kowace a cikinsu mazari biyu gare ta, ɗaya na kasuwa, ɗaya na Alhamis. Na Kaka na kasuwa jan gululu ne da shi, wato ɗan dunƙulen yumɓun da ke gindinsa, na Alhamis baƙi. Zaren da aka kaɗa a baƙin ba a sayar da shi. Ana tara shi wajen malama, in ya taru a kai wa masaƙi, ya fito likkafanin wadda ba ta da shi, ko majanyin mai jego, ko suturar wani. Ba a faɗin wadda ta bayar, ba a shelar wadda za a ba.

Na taɓa tambayarta, "Kaka, wannan na baƙin na wane ne?"

Ta ce, "Na wanda Allah Ya nuhwa. Miƙo alli."

A bazarar wata shekara sanƙarau ya shigo ƙasarmu. Ba na son in tsawaita a kansa. A cikin waɗanda ya ɗauka har da mijin wata mata mai suna Delu, wadda ta tashi a unguwarmu, ta koyi sallah a gaban malamar nan, aure ya kai ta wani ƙauye kusa da Kusada. Ya bar ta da ciki da yarinya guda, ga takaba, ga gona ba mai noma. Ranar Alhamis ɗin da labari ya iso na raka Kaka, ina zaune bakin ƙofa ina jin su.

Malama ta ce, "Delu tamu ce. Nisa bai hid da ita daga cikinmu ba. Kowa ta ɗauki abin da za ta iya."

Wata gwauruwa ta ce ita za ta tafi ta zauna da ita har ta haihu. Matar mahauci ta ce 'ya'yanta maza za su je su yi mata shuka. Bafulatana ta ce tana da dangi a rugar da ke kusa da su, nono ba zai yanke ba. Sai na ji muryar Kaka.

"Ɗiyar a kawo mani ita. Ɗakina da wuri."

Ban ji komai ba a lokacin. Har murna na yi, na ce na sami abokiyar wasa.

A kan jaki aka kawo Hansai, ɗiyar Delu, da ɗan ƙunshinta da bai fi kan jariri ba. Tsayinmu ɗaya, sai dai ita siririya ce, ga manyan idanu, ga rashin magana. Zanen jikinta ya ci faci har ba a gane asalin launinsa. A daren farko mazari ya yi kuka, na ruga na zauna wurina. Kaka ta dube ni, ta dubi Hansai da ke raɓe a jikin ƙofa.

"Uwani, matsa."

Na matsa kaɗan.

"Matsa dai. Koma hagu. Ɗiyata, taho nan, wurin ya hi ɗumi."

Hagu nan ne hayaƙi ke bi. Na zauna idona na ruwa, na bar su suna zaton hayaƙin ne. Da Kaka ta ce ina za ta aje ta, na buɗe baki, sai ta ɗaga mini yatsa, ta sunkuya wajen baƙuwar tana jira. Da ƙyar aka ji muryar Hansai ta ce, "Aje ta nan." Kaka ta yi dariya kamar an ba ta kyautar saniya.

Daga ranar komai ya zama na Hansai. Ƙanzon tuwo, Hansai. Saman nono mai maiƙo, Hansai. Alli ma ya koma hannunta. Abin da ya fi ci mini rai kuwa shi ne bambancin harshe. Ni in na zubar da ruwa, "Uwani, idonki na ƙeya ne?" In na makara a dandali, rankwashi. Ranar da Hansai ta fasa tulun da Kaka ta fi so, na tsaya ina jira in ga ranar sakayya. Kaka ta zo ta dubi tsingaron, ta ce, "Ba ki ji ciwo ba ko? To madalla. Daman ya tsuhwa." Ni da ban taɓa tulun ba aka ce wa in kawo tsintsiya.

Na kai ƙara wajen Inna, mahaifiyata. Tana tankaɗe ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Marainiya ce, ki ji tsoron Allah." Na ji tsoron Allah, ina kuma jin abin da nake ji. In na yi sallah nakan roƙa wa baban Hansai gafara kamar yadda aka koya mana, sannan a ƙarshe in ƙara da cewa Allah Ya sa takabar nan ta ƙare da wuri.

Bayan azumi, damina ta zauna, wata rana Inna ta tafi da Hansai rijiya. Kaka ta leƙa ta tabbata sun fita, sannan ta kira ni ɗaki da 'yar murya.

"Tsaya nan. Miƙe sosai, daina wannan karkacewa."

Ta ɗauko wani silin zare ta kafa a ƙirjina, ta sauke shi har ƙwaurina, ta ƙulla. Ta zagaya shi a ƙuguna, ta ƙara da rabi, ta sake ƙullawa. Ta naɗe ta cusa a taskira.

"Kada in ji wannan a bakin kowa."

Ni kuwa zuciyata kamar ta fashe. Ashe Kaka ba ta manta da ni ba! Ashe duk wannan abin da take yi don idon mutane ne, ni ce dai tata! Na ga ranar da aka kwashe zare aka kai wa masaƙi. Na ji lokacin da ake cewa a gaya wa mai rini ya tsoma shi sosai, a buga shi ya yi ƙyalli kafin Babbar Sallah. Na san zaren baƙin mazari ne, na san kuma ba a yin irinsa don 'yan gata. Amma ai jikina aka auna. Wa ake aunawa in ba mai kaya ba?

Ban faɗa wa kowa a gida ba, wannan na kiyaye. A dandali kuwa kafin sati ya zagayo babu yarinyar da ba ta san Uwani za ta ɗaura saƙi da Sallah ba. Har na fara yi wa Hansai kirki. Na ba ta rabin gyaɗata, na ce mata in na gaji da tsohon zanena na atamfa zan bar mata.

Ranar jajibere da yamma aka aiko da ƙunshi daga gidan malama. Kaka ta kwance shi a tsakar gida. Baƙi ne wuluk mai ɗaukar ido, yana ƙamshin baban rini, an buga shi har yana ƙara in an taɓa. Na share hannuwana a jikina, na matso.

Kaka ta ce, "Hansai, taho. Iyayenki na Alhamis sun aiko maki da kayan Sallah."

Ya zauna mata cif, daga ƙirji zuwa ƙwauri. Yaya ba zai zauna ba?

Washegari da atamfata ta bara na fita. Wata yarinya 'yar maƙwabta, mai baki kamar reza, ta tare ni a gaban kowa.

"A'a, Uwani! Ina saƙin? Ko rinin bai bushe ba?"

Wata ta ce, "Ga shi can yana tahiya shi kaɗai, ya ɗauko wata."

Hansai na bayana tana ta jan bakin zanen kamar mai son ɓoye shi a cikin kansa. Na juyo gida. Ko naman Sallah ban ci ba, kuma na tabbata kowa ya ga ban ci ba.

Kwana biyu ban shiga ɗakin Kaka ba. A na uku marka ta sauko, irin ruwan nan mai yayyafi da ba ya ɗaukewa. Ina kwance ɗakin Inna na ji kirrr, ya tsaya, kirrr. Na toshe kunne. Na buɗe. A ƙarshe na lallaɓa na zauna bakin ƙofa, rabin jikina a waje, don a san ba zuwa na yi ba.

Kaka ba ta dube ni ba. Ta buɗe labari yadda ta saba, aka amsa mata, ta fara.

Wai wata tsohuwa ce ta tsinci ƙwan zabuwa a cikin gero, muzuru ya cinye uwar. Ta kawo gida ta cusa shi ƙarƙashin kazarta mai kwanci, kamar yadda kowa ke yi da damina. Aka ƙyanƙyashe, ga tsaki, ga 'yar zabuwa guda mai zane-zane a baya. Kaza in ta tono gara, baƙuwa take fara kira. In dare ya yi ita take sawa can ciki inda ya fi ɗumi. In tsako ya yi nisa ta bi shi ta sare shi a ka, in 'yar zabuwa ta yi nisa sai ta bi ta a hankali ta yi mata inuwa. To a cikin tsakin akwai wata mai baki. Ta kai ƙara wurin zakara, ya ce shi aikinsa kiran asuba, ba ya shiga sha'anin mata. Ta kai wa akuya, akuya ta ce ta bari ta gama tuƙa, ba ta kuwa gama ba har rana ta faɗi. Sai ta sami ƙadangare a kan katanga.

Nan Kaka ta aje mazari ta riƙa gyaɗa kai irin na ƙadangare, yara suna faɗuwa don dariya.

"Ta ce, an zalunce ni ko? Ya gyaɗa. Ta ce, uwata ba ta sona ko? Ya gyaɗa. Ta ce, in bar masu gidan su san darajata ko? Ya gyaɗa. Ita ba ta sani ba, ko cewa ta yi rana daga yamma take hitowa, gyaɗawa zai yi."

'Yar tsako ta tafi ta kwana ƙarƙashin rumbu ita kaɗai. Ruwa ya sauko, irin na daren nan. Ta jiƙe har ba ta iya kuka. Can sai ga kaza cikin ruwa tana nema. Ta same ta, ta sare ta a ka sara mai kyau, ta tura ta gaba har akurki. Da ta shiga ƙarƙashin fiffike sai ta tarar da 'yar zabuwa ba ta yi barci ba, ta koma can bakin fiffiken inda ruwa ke ɗiga, ta bar wurin ɗumin ba kowa. Da lokacin girbi ya yi, 'yar zabuwa ta ji danginta na kira a daji, ta tashi ta bi su.

Kaka ta ce, "Nan na aje ta. In da saura, kusu shi ja."

Ban san lokacin da na shigo ɗakin gaba ɗaya ba. Na ce, "Wannan ba adalci ba ne! An jiƙa ta, an kuma sare ta. Ai uwarta ce, ba uwar waccan ba!"

"Wa ya tambaye ki?"

"Kuma ni kika auna!"

Kaka ta miƙo hannu ta ba ni rankwashin da har yanzu nake iya nuna wurinsa.

"Na auna ki don ke tawa ce, ina iya ara jikinki ban roƙa ba. Mi kike so, in auna ta ta kwana tana tunanin ana tara mata sadaka? Ja'ira mai bakin tsiya. Goge hancinki ki gyara mani wuta."

Na gyara wutar ina shessheƙa. Na saci kallon Hansai don in ga ko tana dariya. Ba dariya take ba. Ni take kallo, da wani irin kallo da ban gane ba, na ɗauke shi a kan tausayi, ya ƙara ba ni haushi.

Ba zan ce tatsuniyar ta warkar da ni ba. Na dai koma zama a hagu, na ci gaba da ƙidaya ƙanzo. Ba a jima ba Delu ta haihu lafiya, ta fita takaba, aka aiko a mayar mata da ɗiyarta. Zanen ya tafi ƙauyensu tare da ita, na koma damar Kaka, na tarar gwiwar tana nan yadda na bar ta. Sai dai na riƙa jin wurin ya yi mini faɗi.

Shekaru sun tafi. Aka ɗauke ni makarantar 'yan mata, na yi aure, na haifa, na aurar. Kaka ta rasu, a zaren baƙin mazari aka suturta ta. Yanzu babu mai kaɗi, amma a unguwarmu muna da namu zaman na mata bayan karatu, kuma in abu ya sami ɗayarmu muna raba nauyinta kamar yadda na ga an raba na Delu. Na daɗe ina ɗaukar tatsuniyar nan a kan don ni aka yi ta, don a kunyata mai hassada, kuma lalle akwai wannan. Har gobe in na ga baƙin saƙi a jikin wata sai na ji wani ɗan abu ya motsa a ƙirjina, in yi istigfari in yi wa kaina dariya. Amma a ɗakin nan mu biyu ne muka ji labarin 'yar tsako da 'yar zabuwa, kuma ba abu ɗaya muka ji ba.

Sau da yawa an kawo mini 'ya'yan 'yan'uwanmu na karatu, na wadda ke asibiti, na wadda mijinta ya rasu. Ina ba su wuri mai ɗumi, ina ba su saman nono. Amma ba na bari su yi sati a gidana ban sa su wanke-wanke ba, ban kuma yi musu faɗa a kan kwanon da ba su cuɗa da kyau ba, da muryar da nake yi wa nawa. Akwai matan da ke cewa ina da zafi, marayu ne fa. Ba na yi musu bayani. Kaka da matan Alhamis sun ba Hansai duk abin da suka san ana bayarwa, Allah Ya saka musu da Aljanna. Abu guda ne ya rage, kuma ni kaɗai aka gaya wa.

Da safiyar da Hansai za ta tafi, ana ɗaura wa jaki kaya a ƙofar gida, Kaka na ciki tana ƙulla mata daddawa da kuka. Ni ina bayan rumbu, wai ba ruwana da tafiyar kowa. Hansai ta zagayo ta same ni. Ta naɗe zanen a hannu, tana sanye da tsohon nata mai faci. Ta daɗe tsaye tana haƙa ƙasa da babban yatsan ƙafarta. Na ce mata me take so. Sai ta miƙo mini shi, idanunta cike da ruwa.

"Uwani, amshi zanen in kina so. Ni dai da Kaka za ta yi mani rankwashi ko sau guda, irin wanda take maki."